Babi na Bakwai: Injin da Ke Ɗaga Ruwa da Injin da Ke Motsa Shi

Kogin Kwara, wanda taswira ke kira Neja, yana shigowa Nijeriya ta yammacin Jihar Kebbi bayan ya raba Jamhuriyar Nijar da ta Benin, ya bar Gaya a hannu ɗaya da Malanbil a ɗayan. Daga nan yake ratsa ƙasar Bagudo, ya wuce ƙarƙashin gadar Tuga, ya nufi Yawuri da tafkin Kainji. Tsawonsa gaba ɗaya ya kai kilomita 4,180, kuma a wannan yanki sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ta ruwan damina ce, mai laka, wajen Agusta zuwa Oktoba. Ta biyu tana isowa cikin hunturu, ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini ne ya yi watanni yana tafe ta Mali, ya zubar da lakarsa a hanya, ya iso garau.

Kifin da ya tashi a irin wannan ruwa bai san tsayayyen ruwa ba. Ragon ruwa da kurungu da giwan ruwa, abincinsu ruwa ke kawo musu, ƙazantarsu ruwa ke kwashewa, iskar da suke shaƙa ma gudun ruwan ne ke sabunta ta. Sarkawa da sauran masunta ba su taɓa biyan kowa kuɗin wannan hidima ba. Ranar da mutumin Geza ko Matsinka ko Illo ya haƙa kandami a bayan gida, ko ya kafa tankin tamfol ya zuba tarwada dubu, duk aikin da kogi ke yi kyauta ya dawo wuyansa. Kuma yawanci da inji ɗaya yake tunkarar aikin: injin ban ruwan da yake shayar da shinkafa da shi.

Babu laifi a hakan, abin da ke hannu ne. Tun da shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan fetur a shekarun 1990, injin inci biyu da inci uku suka zama kayan gida a fadamun Kebbi. Da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, sai suka ƙara yawa. Kowane ƙauye akwai mai gyaransu, kayan gyaransu kuma suna kasuwa. Sai dai an ƙera wannan inji ne don aiki guda: ya ɗauko ruwa daga ƙasa, ya kai shi sama, ya tura shi nesa. Kandamin kifi kuwa ayyuka uku yake nema. A kawo masa sabon ruwa, a motsa wanda ke ciki, a sa masa iska. Injin ban ruwa gwani ne a na farko, a sauran biyun asarar mai ce kawai.

Mutanen da suka fi kowa fahimtar wannan bambanci suna can nesa da mu, kuma abin da suke kiwo ba ya ciwuwa. A Jamus da Amurka da Japan akwai masu sha'awar ajiye murjani mai rai a akwatin gilashi cikin falonsu, a ruwan gishiri. Murjani dabba ce, ko da yake wanda ya san shi a wuyan amarya kawai zai yi gardama. Ƙananan halittu ne da ke manne a dutse a ƙasan teku, ba sa zuwa ko'ina har su mutu. Tunda ba sa iya bin abinci, sai igiyar ruwa ta kawo musu. Tunda ba sa iya gudun ƙazantarsu, sai igiyar ruwa ta ɗauke. In ruwan ya tsaya, wani siririn ruwa marar motsi yakan lulluɓe jikinsu, iskar da ke cikinsa ta ƙare, su shaƙe. Shi ya sa masu wannan kiwo suke lissafin famfo da wani ma'auni nasu: sau nawa famfon zai juya dukan ruwan akwatin a cikin awa guda. Murjani mai taushi sukan ba shi sau 10 zuwa 20, mai tauri da rassa kuwa sau 30 zuwa 50 ko fiye. Wato akwati mai lita 400 yana iya buƙatar a motsa masa lita 16,000 a kowace awa.

Da farko da famfo mai matsi suke yi, irin mai feso ruwa ta ƙaramin baki. Sai suka ga murjanin da ke daidai bakin famfon naman jikinsa yana saɓulewa, na kusurwa kuma yana ruɓewa cikin datti. Daga baya kamfanoni irin su Tunze na Jamus da EcoTech Marine na Amurka suka fito da famfo mai faffaɗar farfela, wanda ba ya ɗaga ruwa ko taku ɗaya, tura shi kawai yake yi a hankali ta faffaɗan baki. Irin wannan famfo da bai ci wat 40 ba yana motsa sama da lita 10,000 a awa. Sukan kafa biyu suna fuskantar juna, wannan ya yi ƙarfi wancan ya lafa, don kada a sami lungun da ruwa ke kwana.

Ni ban ce mai tarwada a Geza ya je neman famfon murjani ba. Kuɗinsa ma zai sayi buhunan abinci masu yawa. Lissafin da ke bayansa nake so ka riƙe, domin lissafin nan bai san ruwan gishiri ko na daɗi ba. Wutar da famfo ke ci ta dogara ne da abu biyu: yawan ruwan, da tsayin da za a ɗaga shi. In za ka ɗaga lita 10,000 a awa zuwa tsayin mita 10, aikin kansa wat 270 ne da 'yan kai, in aka haɗa da asarar da kowane inji ke yi sai ya haura wat 500. In tsayin mita ɗaya ne, kashi ɗaya cikin goma na wannan ya isa. In babu ɗagawa sam, motsawa ce kawai a cikin tanki, abin da za ka kashe bai taka kara ya karya ba. Wanda ya tayar da injin inci biyu, mai shan kusan litar fetur ɗaya ko fiye a awa, don ya zuƙo ruwan kandami ya watsa shi cikin kandamin, ya biya kuɗin injin da aka ƙera don ɗaga ruwa sama alhali ko mita biyu bai ɗaga ba.

A da ana iya kawar da kai daga wannan asara. Tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mutanen bakin iyaka kuwa sun riga kowa ɗanɗana wannan, tun Nuwamba 2019 da aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, lokacin da iyakokin ƙasa ke rufe. Wanda ke yankin Lolo ko Tsamiya ya san yadda galan ya yi daraja a wancan lokaci.

Mu fara da aikin farko, kawo sabon ruwa, tunda nan ne injin ban ruwa ke da gaskiya. Me ya sa ma ake canza ruwa? Duk kilo ɗaya na abincin kifi mai gina jiki, kifin zai mayar da kimanin giram 30 na sinadarin amoniya cikin ruwa, shi ne warin da ke dukan hancinka in ka leƙa tankin da aka yi sakaci da shi. Ɗauki tanki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, zurfin ruwa mita 1. Lita 12,000 ke nan. In akwai tarwada 1,000 a ciki, kowace ta kai rabin kilo, kana ba su kilo 10 na abinci a rana, to giram 300 na amoniya ke shiga ruwan kullum, miligiram 25 a kowace lita. Wannan ya wuce abin da kifi zai zauna a ciki lafiya nesa ba kusa ba, kuma dafinsa ƙaruwa yake yi in ruwa ya yi zafi. Ruwa ba ya tsami banza. Tankin da ya kai wannan matsayi yana son a zubar da babban kaso na ruwansa kusan kullum, saɓanin lokacin da kifin ke 'yan yatsu, da ake iya kwana uku ko huɗu.

To, wane inji zai cika lita 12,000? A jikin kwalin injin inci biyu za ka ga an rubuta kamar lita 600 a minti, da tsayin mita 30 ko kusa da haka. Mai shago zai karanta maka su a jere kamar tare suke zuwa. Ba tare suke zuwa ba. Lita 600 ɗin nan sai in babu ɗagawa ko kaɗan, mita 30 ɗin kuma tsayin da ruwa ke tsayawa ne cak, ko ɗigo ba ya fita. Gaskiyar aikinka tana tsakanin biyun. Injinan kirki suna zuwa da takarda mai zanen layi da ke nuna lita nawa za ka samu a kowane tsayi, ita ce abin dubawa. Kafin ka je kasuwa ka auna da igiya: daga fuskar ruwan rijiya ko kogi zuwa bakin tankinka mita nawa ne a tsaye, kuma ka auna a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwa ya fi ja da baya. Wanda ya auna a Satumba zai sha mamaki da bazara.

Akwai kuma iyakar da babu injin da ya isa ya ƙetare ta. Injin da ke zaune a bakin rijiya ba jan ruwa yake yi da ƙarfinsa ba, nauyin iskar duniya ne ke turo ruwan cikin tiyo in injin ya buɗe masa wuri, kuma wannan nauyi ba ya iya ɗaga ruwa fiye da mita 10 da ɗan ɗori. A aikace mita 7 zuwa 8 ne ƙarshe. Shi ya sa manoman fadama ke haƙa rami su saukar da injin in ruwa ya yi ƙasa, shi ya sa kuma sai an ɗura masa ruwa kafin ya kama, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. In ruwanka ya wuce wannan zurfi, kada ka ɓata kuɗi kan inji mai ƙarin doki. Sumo za ka nema, wanda ake zura shi cikin ruwan ya turo daga ƙasa.

Tiyo ma yana cin nasa rabon. Ruwa na gogar bangon bututu, kuma in ka rage faɗin bututun da rabi, gogayyar kan ninka kusan sau talatin a kan ruwa iri ɗaya. Na sha ganin inci uku an ɗaura masa tiyon inci biyu saboda shi ne mai araha, injin na kuka, ruwa na fita kamar ana rowarsa. Kowace kwana da kowane lanƙwasa ƙarin tsayi ne a wurin injin.

Aiki na biyu, motsa ruwa, shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma shi ya fi araha. Duba kofin shayi bayan an juya shi da cokali: ganyen ba gefe yake taruwa ba, tsakiyar gindin kofin yake komawa. Albert Einstein ya yi bayanin dalilin haka a 1926, masu gina tankin kifi kuma suka ci moriyarsa. In tankinka da'ira ne, ka sa bututun shigowar ruwa a jikin bango yana fesawa gefe guda, magudana kuma a tsakiyar ƙasa, ruwan zai riƙa zagayawa a hankali yana tattara kashi da ragowar abinci zuwa magudanar da kansa. Ka buɗe magudanar na minti biyu, mafi munin dattin ya fita, ka tsira da sauran ruwanka. Tanki mai kusurwa huɗu, wanda magina suka fi so domin jera bulo a miƙe ya fi sauƙi, lungu huɗu yake da su inda datti ke kwanciya ya ruɓe. In an riga an gina, a cike kusurwoyin da siminti su zama kwana mai laushi, a kuma ɗan karkata daɓen zuwa magudana. Ƙaramin sumo na cikin tanki mai wat 50 zuwa 100, an kwantar da shi yana tura ruwa a bin bango, ya isa ya juya lita 12,000. Gara biyu ƙanana a kusurwoyi masu kallon juna da babba ɗaya a tsakiya: ruwan ya fi gauraya, in ɗaya ya mutu kuma ɗayan na nan.

Sai dai a yi hattara da ƙarfi. Tarwada kifin tafki da fadama ce, ba ta son ta wuni tana kokawa da igiya. Duk ƙarfin da ta kashe wajen iyo, abincin da ka saya ne ke ƙonewa bai zama nama ba. In ka jefa ƙwayar abinci mai yawo ka ga tana tafiya a hankali tana zagaye, ya yi. In ka ga kifi sun taru a bayan bututu suna fakewa, ya yi yawa. 'Ya'yan kifi da ba su wuce mako biyu ko uku ba kuwa, ɗigon ruwa a hankali suke so, kuma dole a rufe bakin kowane famfo da raga mai ƙananan ido, in ba haka ba da safe a cikin farfela za a tsince su.

Aiki na uku iska ce, kuma nan ne irin kifin da kake kiwo ke yanke hukunci. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce. Ruwa kuwa ɗan mitsitsi yake iya riƙewa: kimanin miligiram 9 a lita in sanyinsa digiri 20 ne, 7.5 a digiri 30, ƙasa da 7 a digiri 35. Zafin kuma yana sa kifin ya ƙara buƙatar iskar. Ka tuna yadda Maris da Afrilu suke a Kebbi, rana na haura digiri 40, ga tankin baƙin tamfol a fili babu rumfa. Tarwada da ramboshi Allah ya hore musu wata gaɓa a cikin kai da suke shaƙar iskar sama da ita, shi ya sa ake kai tarwada kasuwa da rai a cikin baho, shi ya sa kuma ta mamaye kiwon kifi a Nijeriya. Amma rashin mutuwa ba girma ba ne. Tarwadar da ke wuni tana hawa sama don numfashi ba ta cin abinci yadda ya kamata. Karfasa kuwa ba ta da wannan gata. In oksijin ya sauka ƙasa da miligiram 3 ta fara wahala, in ya ƙara sauka za ka gan su sun cika fuskar ruwa suna buɗe baki.

Lokacin da hakan ke faruwa sananne ne. A kandamin ƙasa mai koren ruwa, gansakuka na samar da oksijin da rana, da dare kuma ita ma shaƙa take yi tare da kifin. Saboda haka iska ta fi yawa da la'asar, ta fi ƙaranci da asuba, musamman in an wuni da hadari ko ƙurar hunturu ta rufe rana. A nan ne nake da ja da yadda ake tallar famfon sola ga masu kifi. Don ɗaga ruwa, sola alheri ce: ta cika maka tankin ajiya a sama da rana, ka sauke ruwan da nauyinsa duk lokacin da ka so, babu kuɗin mai. Amma famfon da ke aiki kai tsaye daga faifan sola ƙarfinsa na tsakar rana ne, lokacin da kandami ba ya neman taimako, da asuba kuma yana barci. Abin da ke ceton kifi a wannan sa'a ƙaramin injin hura iska ne mai tiyo da duwatsun kumfa. Mai wat 60, in ya yi awa takwas, ya ci wat-awa 480. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, rabinsa ne ake iya sha ba tare da an kashe batirin da wuri ba, ka ga ya isa dare guda. Manyan gonakin kifi a Misisifi ta Amurka da ƙasashen Asiya da injin fuka-fukai mai dukan ruwa suke wannan aiki, su ma kuma da dare suka fi kunna shi.

Ruwan burtsatse yana da nasa halin. Yana fitowa garau, mutum ya ɗauka ya fi kowane ruwa lafiya, alhali daga ƙarƙashin ƙasa yake, kusan babu oksijin a cikinsa. Kada a cusa bakin tiyo cikin tanki. A ɗaga shi sama, ruwan ya faɗo kan kwando ko faranti mai huji ya tarwatse, ya sha iska kafin ya isa ga kifi. Wannan ba ya cin ko kwabo. Ruwan kogi kuma yana zuwa da yashi mai cinye farfela, da ƙwai da 'ya'yan kifin daji da za su shiga rabon abinci, wani lokaci har da maganin feshi daga gonakin shinkafa. A sa masa raga, a bar shi ya kwanta a wani rami tukuna, kuma kada a ja ruwa daga magudanar gona a makon da aka yi feshi. Wanda kandaminsa ke cikin fadama ya tuna ambaliyar 2020, ya ɗaga bakin kandamin, ya ajiye injinsa inda zai iya ɗauke shi cikin dare.

Ruwan da ka zubar ma dukiya ne. Amoniyar da ke cutar kifi ita ce abin da kake saya a buhun taki. In tankin yana sama da fadamarka ko da taku biyu ne, ja masa kwalbati zuwa albasa ko tattasai ko alayyafo, man da ka ƙona sau ɗaya ya yi maka aiki biyu.

Don haka kafin ka tafi Bagudo ko Jega ko Birnin Kebbi sayen inji, rubuta abu huɗu a takarda: litar da tankinka ke ci, tsayin ɗagawa a watan bazara, tsawo da faɗin tiyonka, da irin kifin da za ka zuba. In mai shago ya fara da inci da doki, ka tambaye shi lita nawa injin ke bayarwa a tsayin da ka rubuta, kuma ko akwai farfela da sil ɗinsa a kasuwa in sun lalace. In ba shi da amsa, shago na gaba. Babi na takwas zai yi magana kan abincin kifi da yadda ake haɗa shi a gida.